Esin Motar Yaya da Idon Baba

Akwai wani irin mutum a Sakkwato da ban taɓa iya haƙuri da shi ba, wato wanda esin motarsa, na'urar sanyin nan, ya mutu amma ya ɗage gilashi ya hau titi cikin bazara yana dahuwa, don kada a sani. Za ka gan shi a danja, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf, gumi na ɗiga daga gemu, yana gyaɗa kai wai shi mai jin daɗin rediyo. Na daɗe ina yi wa irinsu dariya daga bayan babur ɗin mijina. Ashe akwai ɗaya a gidanmu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yayana shi ne ɗan fari. Ya bar ƙauyenmu tun yana saurayi ya shigo birni, ya kama bin dillalai a kara, kasuwar shanu, har ya kai ga loda tasa tirelar zuwa Kudu. Ba na raina ƙoƙarinsa, don a hannunsa na yi karatu har na zama malamar makaranta. Amma Allah ya zuba masa son a gani. Shekarar da ciniki ya yi masa kyau ya gina gida a Minanata, ya sayo wata baƙar mota 'yar Kwatano mai duhun gilashi. Mota ce da wani can ya gama morewa, sai dai masu sayarwa sun san da wa suke ciniki, suka naɗe kujerunta da leda daga sama har ƙasa, wai sabuwa ce dal. Yaya ya kafa doka kada wanda ya taɓa ledar nan, har 'ya'yansa sun sha ranƙwashi a kanta. In ka zauna ta yi ta ƙara a ƙarƙashinka, in ka zo fita ta manne maka a baya. Da ta fara yagewa a gefe sai ya bi ta da salatif.

Babanmu manomi ne, gero da dawa, da ɗan fegin shinkafa a fadama. Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya, ba mu ma san lokacin da ya tafi ba, don ba mutum ne mai faɗin ciwo ba. Da na dama ya fara yi masa hazo ne muka lallaɓa shi ya yarda aka kawo shi asibitin ido a birni. Likita ya duba, ya ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana matse jijiyar gani, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya sa mana ranar dawowa a yi masa aiki, ya ja kunnenmu kada mu yi wasa da ranar. Ni da Yaya mun san wani abu da likita bai sani ba. In ruwan farko ya sauka, babu mahalukin da zai iya raba Baba da gona sai an gama noman fari. Dole a yi aikin nan kafin damina.

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, bai taɓa duban fuskarsa ya yi masa magana ba. Haka aka tashe su, ɗan fari abin kunya ne. Ko tabarma ɗaya suke zaune, in yana da magana sai ya juyo wurina ya ce, "Uwata, ce ma wancan kaza." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Da Inna na da rai ita ce 'yar aike a tsakaninsu, da ta rasu aikin ya dawo kaina.

Ranar da muka mayar da shi ƙauye daga asibiti, esin ya riga ya fara lalacewa. Iskar da ke fitowa ba ta fi numfashin jariri ba, ita ma da ɗuminta. Bayan azahar ne, kwalta har ƙyalli take yi. Yaya ya ɗage gilashi duka huɗun, ya danne maɓallin nan na gefensa da ke kulle na sauran mutane, wai kada sanyi ya fita. Ban san wane sanyi ba. Ina zaune a baya kusa da Baba, leda ta jiƙe a ƙarƙashinmu, hijabina ya manne mini a wuya.

Muna shiga ƙauye sai ga mutane zaune a tabarmi a gindin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidan aminin Baba, wanda suka tashi tare tun suna kiwon awaki. Sun san motar, babu irinta a yankin. Wasu suka miƙe suna ɗaga hannu. Na ga Baba yana laluben ƙofa, ya samu maɓallin gilashi yana ta dannawa, ba abin da ya motsa. Yaya kuwa waya ce a kunnensa, yana faɗa da wani direban tirela da ya maƙale a hanyar Kudu.

Na ce, "Yaya, sauke ma Baba gilas."

Ya yi mini alama da hannu ba tare da ya waiwayo ba. "Bari ke dai, sanyi na nan tahe."

Muka wuce. A lokacin na ɗauka iska Baba ke nema.

Da ranar asibiti ta zo, Yaya ya tafi ɗauko shi ya dawo shi kaɗai. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke dafa masa tun rasuwar Inna, ita ta fito da saƙo, wai ya ce ba ya shiga motar nan. Babu ƙarin bayani. Yaya ya biyo ta gidana a Gidan Dahala yana huci, ya ce zafi ne ya kori tsoho, shi kuwa gobe-goben nan zai sa a gyara esin ya koma ya ɗauko shi. Na ce zan bi shi garejin, don na san halinsa, in ya tarar da majalisa mai daɗi sai la'asar.

Muka je Unguwar Rogo, wurin wani mai gas da ya kafa sana'arsa a gindin bishiya, da tukunyar gas ɗaya da wasu robobi masu agogo a kai. Yaya bai gama kashe mota ba mutumin ya ce, "Gas na, Alhaji." Bai tambayi yaushe abin ya fara ba, bai leƙa cikin motar ba. A garin nan duk ciwon esi gas ne, kamar yadda duk ciwon kai maleriya ne a wurin mai kemis. Ya buɗe bonet, ya jona robobinsa, ya ɗura, agogon na ta rawa shi kuma yana hira da mai shayi, ko kallonsa bai yi ba. Da ya gama ya zagayo ya kara tafin hannunsa a bakin iskar, ya lumshe ido.

"Ka ji shi, Alhaji?"

Yaya ya kara nasa hannun. "Kamar dai..."

"Sai an hau titi shika zama. Ka ba shi wuta."

Kafin nan jama'a sun taru, don ba a buɗe bonet a Unguwar Rogo a rasa malamai. Mai shayi ya ce fiyus ne, haka ta yi wa maigidansa. Wani ɗan kabu-kabu da bai taɓa riƙe sitiyari ba ya ce a riƙa kwara wa gaban motar ruwan sanyi. Sai wani dattijo da ya ce ya yi direban gwamnati ya gyara murya, ya ce ai irin waɗannan manyan motoci don ƙasar ƙanƙara aka ƙera su, ranar Sakkwato ta fi ƙarfinsu, ƙananan motoci ne ke jurewa. Wannan bayani ya fi kowanne shiga ran Yaya, tunda an ce motarsa babba ce. Har shayi ya saya wa dattijon.

Muka hau titi, ya ba shi wuta har muka kusa fita gari. Iskar tana nan yadda take, sai ma wata sabuwar ƙara da ta samu a gaba, ƙas, can kuma ƙas, abu na kamawa yana saki.

Daga nan aka shiga yawon gareji. Wanda duk aka kai wa sai ya fara da zagin wanda ya taɓa ta kafin shi, ya ce gas ɗin da aka sa jabu ne, sannan ya ɗura nasa a kai. Ban ga wanda ya rage na wani ba. An canza fiyus, an canza wani ɗan baƙin akwati da ke kusa da fiyus ɗin, an canza bel. Wani mai wayarin ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya yanka wannan ya ɗaure wancan, da ya tashi esi bai yi sanyi ba, rediyo kuma ta daina kamawa. Shawarar ɗan kabu-kabu ma ba a bar ta ba. Na ga yayana da idona, babban mutum mai tirelar shanu, ya faka a bayan wani gidan mai inda yake zaton ba mai ganinsa, yana fasa ledojin ruwa da haƙori yana tsiyaya wa hancin mota.

Ni ban san komai a mota ba, ban ma san inda ake zuba mai ba sai an nuna mini. Amma sau ɗaya na ce wa wani bakanike, tunda iskar ma da kyar take fitowa, ko za a duba hanyar da take bi? Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya sa baki a zancen manya. Ya ce, "Hajiya, ki samu inuwa ki zauna, wanga aiki da zahi." Sannan ya sanar da Yaya cewa kwamfiresa ce ta mutu, wato injin da ke harba gas ɗin, kuma irin ta wannan mota babu ita a Sakkwato sai an aika Kano. Yaya ya ji daɗin wannan ma, tunda kayan motarsa sai Kano.

Duk wannan yawo gilashi a ɗage ake yinsa. In muka fito daga gareji sai ya share fuska da hankici, ya gyara hula, ya rufe ko'ina ruf. Wata rana a danja wani abokin cinikinsa ya tsaya a gefenmu a kan babur, Yaya ya ɗaga masa hannu ta cikin gilashi, har da ɗan kama kafaɗa wai sanyi ya yi masa yawa. Ni kuwa a baya numfashi ya gagare ni. Daga ranar na daina bin sa.

Na koma asibiti na roƙa aka sake ba mu wata rana. Ma'aikaciyar da ta rubuta ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ku dai kuna wasa da idon tsohon nan." Ranar Asabar na shiga motar haya na tafi ƙauye.

Na tarar da Baba a rumfa yana gyaran ƙotar sungumi, ga ƙwaryar irin gero a gefensa. Ba duban irin yake yi ba, murza shi yake yi da yatsu. Bayan mun gaisa na ce masa ya yi haƙuri, ana nan ana gyaran na'urar sanyi, in ya so ma ya daure ya shiga haka nan, tafiyar ba ta da nisa.

Ya ajiye sungumin. "Uwata, ni zahi ka kora? Ni da nika wuni cikin gona rana bisa kaina?"

Na ce to mene ne?

Ya jawo ƙwaryar irin gabansa yana murzawa. Sannan ya ce ranar da muka wuce mutanen nan a gindin dogon yaro, zaman makoki suke yi. Matar amininsa ce ta rasu da safe, yana can birni bai sani ba. Yana hango tabarmi ya gane.

"Mutane sunka miƙe, sunka ɗaga hannu. Shi da kainai yam miƙe, mutumin da anka rufe matatai da hantsi. Ni kau ina ciki kamar kaza cikin akurki, na wuce. Da nis sauka na tako da ƙahwata na zo na yi mashi gaisuwa, ya amsa, ba ya ce komi ba. Amma har yau in na shiga masallaci sai in ji an yi shiru. An ce ɗiyana sun yi arziki, na hi ƙarhin gaisuwa."

Na ce to ai sai ya zo mu tafi a motar haya, yanzu ma, gilashinta ko rufuwa ba ya yi.

Ya girgiza kai. "Ɗana na da mota a gan ni cikin ta haya? Mi za a ce? A ce mun ɓata, ko a ce ya karye. Ba ni tona mashi asiri."

"To in hwaɗa ma Yaya shi sauke gilas?"

Ya ɗauki sunguminsa ya ci gaba da gyara. "Ni ban aike ki ba."

Na san ma'anar wannan tun ina yarinya, wato in je in faɗa, amma kada in ce daga bakinsa ta fito. Washegari da safe na tafi Minanata, na samu Yaya a ƙofar gida yana goge motar da kansa. Na kwashe duka na faɗa masa, makokin, da masallacin, da sungumin da ake gyarawa. Na ce abin ya zo da sauƙi, ba sai an jira Kano ba, ya sauke gilashi ya je ya ɗauko Baba yau, su tsaya a gaisa da kowa.

Ya dakata da gogewar, har na ɗauka abin ya shige shi. Sai ya ce, "Ke ba ki san mutanen ƙauyenmu ba? In na sauke gilas, kowa sai ya turo kai ciki shi gaisa. Suna turo kai su ji ba sanyi. Kahin la'asar labari ya kai kara, a ce esin Alhaji ya mace ya kasa gyarawa. Wa za ya ba ni shanunai bashi bayan wanga? Bari a gyara. In an gyara ni da kaina zan sauke, su turo kai su ji."

Na tsaya ina kallonsa. Wato gilashin ba zai sauka ba sai akwai sanyin da za a nuna wa mutane. Na ce, "Yaya, ido guda ya rage ma Baba."

"Na sani. Kwana nawa na? Kwamhiresa na bisa hanya."

Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Na ce ya ji kunya, na ce shanun da yake lodawa sun fi Baba samun iska a hanya. Matarsa ta fito ta ja ni ciki tana ba ni haƙuri. Shi kuwa ya ci gaba da goge madubi. Na koma ƙauye har sau biyu bayan nan, na roƙi Baba, na sa Gwaggo ta roƙe shi, na ce mijina zai samo aron motar wani abokinsa. Ya ce motar wani da ta haya duk ɗaya ne a idon mutane. Raina ya ɓaci da shi ma, ba zan ɓoye ba. Uba yana rufa wa ɗa asiri, ɗa yana rufa wa mota asiri, ni kuma ina tsakiya da kwalbar maganin ɗigawa a jaka.

Kwamfiresa ta yi ta zuwa daga Kano ba ta iso ba. Yau an ce an sa ta a mota, gobe an ce wadda aka sa ba irinta ba ce. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma yana watsewa. Rannan ina aji iska ta taso ta buge tagogi, sai ƙamshin ƙasa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka ruga waje suna ihu, malamai na ta hamdala. Ni na zauna a kan tebur na yi kuka, don na san gobe da asuba Baba na gona da sunguminsa.

Bayan an yi shuka kwamfiresa ta iso. Aka ɗaura, aka ƙara gas. Iskar ta ɗan yi sanyi-sanyi in ka manna kunnenka a wurin, amma ko gashin gira ba ta kaɗawa. Bakaniken ya ce sabuwa ce, sai ta saba da motar.

Sai kuma wari ya ɓullo. Da fari Yaya ya ɗora wa 'ya'yansa laifi, ya ce sun zubar da wani abu. Sannan ya ce ƙullin naman da yakan ɗauko daga mahauta ne ya ɗiga. Aka wanke but, aka turara motar da turaren wuta, aka rataya wani abu mai ƙamshi a madubi, wari sai gaba yake yi, kuma in an kunna esi ya fi tashi. Abin da zafi bai sa Yaya ya yi ba, wari ya kusa sa shi, don an ce an gan shi a hanyar kara ya sassauta gilashi kaɗan. Daga ƙarshe ya kai ta wurin wanki ya ce a kwance duk abin da ke kwantuwa. Matarsa ce ta ba ni labarin tana dariya har da hawaye. Da aka ciro ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, sai ga mushen ɓera a bayansa, kwance a cikin sheƙarsa. Ya gina ta ne a jikin matatar da iskar esi ke bi, ya toshe ta ruf. Sheƙar kuwa duk da leda aka yi ta. Ledar da Yaya ya hana 'ya'yan cikinsa taɓawa, ɓera ya bi ƙamshin nama ya shigo, ya yi wata da watanni yana yankar ta daga ƙarƙashin kujera yana kai wa ɗakinsa, har da guntayen salatif.

A duk waɗanda suka taɓa motar nan, ɓeran ne kaɗai ya nuna inda ciwon yake, shi ma sai da ya mutu. Aka share wurin, aka sa sabuwar matatar iska. Iska ta fito da ƙarfi amma ƙarar nan ta ƙas-ƙas ba ta daina ba, sai da aka koma wurin mai gas na farko, ya jona agogonsa, wannan karon ya duba, ya ce subhanallahi, wane jahili ne ya cika mata gas haka? Ya buɗe ya yi ta sakin gas ɗin a iska, nasa da na sauran. Nan take motar ta koma firji. Yaya ya bi gari yana faɗa wa mutane aikin kwamfiresar Kano ne, kuma ya sa aka sayo sabuwar leda aka sake naɗe kujerun.

Sai da aka gama noman fari Gwaggo ta aiko cewa a zo. Muka tafi da safe, ni da Yaya. Hanya ta yi kore, gero ya kai gwiwa. Tun muna nesa da ƙauye ya sauke gilashi duka huɗun, ya murɗa esi har ƙarshe, ya rage gudu kamar mai rakiyar amarya. Mutane suka yi ta zuwa suna turo kai, suna cewa, "Kai, Alhaji, wanga sanyi!" Yana ta washe baki yana cewa ai sai godiya.

Baba ya fito daga zaure da sanda a hannu, ɗaya hannun yana bin bango. Ban taɓa ganinsa da sanda ba. Gwaggo na biye da shi, da muka haɗa ido ta kawar da kai. Na kama hannunsa na sa shi a mota, ya lalubi ƙofar, ya ji ba gilashi, ya ɗora gwiwar hannunsa a kai ya gyara zama.

Muka taho a hankali. Da muka kusa dogon yaron nan na hango aminin Baba zaune a tabarma shi kaɗai. Ya ga motar, ya ga gilashi a sauke, ya yunƙura ya miƙe ya ɗaga hannu. Baba na kallon wajen, fuskarsa ba ta canza ba.

Na ce, "Baba, ga amininka can ya ɗaga maka hannu."

"Ina?"

"Ga shi nan gindin icce."

Ya fitar da hannu ya ɗaga, amma wajen dangar gidan maƙwabta ya nufa. Aminin ya sauke nasa hannun a hankali. Ya tako har jikin motar, ya kamo hannun Baba da hannu biyu ya juyo da shi wurinsa. Suka gaisa, suka tambayi gona, suka tambayi ruwa, aminin na ta duban idon Baba. Bai ce komai a kan sanyin motar ba. Ya ce Allah shi ba da lafiya, ya riƙe hannun har motar ta fara tafiya sannan ya saki.

Daga nan har bakin gari ni ce idonsa. In ce ga liman, ya ɗaga hannu. In ce ga mai gyaran keke, ya ɗaga hannu. Wani lokaci kafin in faɗa mun wuce. Da gidaje suka ƙare ya mayar da hannunsa ciki ya ɗora a cinya.

Yaya ya dube ni ta madubi. Murnar ta bar fuskarsa, amma bakinsa bai san wata magana ba sai wadda ya saba. Ya ce, "Ke, tambayi Baba ko sanyin ya isa, ko a ƙara."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai Baba ya riga ni. Bai ce Uwata ba. Ya juya fuskarsa wajen da muryar Yaya ta fito, karo na farko tun da nake a duniya, ya yi masa magana kai tsaye.

"Kai. Ɗage gilas ɗin ga. Ba ni ganin kowa."

Yaya ya danna maɓallin, gilashin ya hau, muka kama hanyar asibiti cikin sanyi.